Kundin Aikin Kwamfutar Gidanmu: Share Wuri da Sauya Faifan Ajiya

Asabar, 6 ga Satumba 2025

Kwamfutar gidanmu ta cika maƙil. Idan aka buɗe This PC, layin da ke ƙarƙashin C: ja ne wur, abin da ya rage bai kai giga 3 ba. Kwana biyu ke nan Windows tana son sabunta kanta tana kasawa, ko takarda ce za a ajiye sai an zauna jiranta. Laftof ce tokunbo, Core i5 ƙarni na shida, RAM giga 8, faifan ajiyarta kuwa irin mai juyawa ne, HDD na giga 500. A kanta nake shirya darasi da jarrabawar ɗalibai, maman yara tana lissafin cinikinta na atamfa da turare, yara kuma suna kallo. Duk wanda wayarsa ta cika a dangi, nan yake kawowa a juye masa. Shekara da shekaru haka ake yi.

Duk ranar da na taɓa aikin zan rubuta abin da na yi, don in san inda na tsaya, don kuma wanda ke cikin irin wannan hali ya samu abin kamawa.

Ba zan goge komai ba sai na ga abin da ya cinye wurin da idona. Na sauke WizTree a waya, na juyo ta ta filash, tunda kwamfutar ba ta da sararin karɓar komai. Manhajar tana karanta babban jadawalin da NTFS, tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi a kan faifai, ke rubuta sunan kowane fayil da girmansa a ciki, shi ya sa cikin daƙiƙu take gamawa, sai ta zana maka faifan gaba ɗaya da murabba'ai masu launi, babban fayil babban murabba'i. Bidiyon bukukuwa kaɗai sun ci kusan giga 170. Foldar da ake juye wayoyi tana da 110. Fina-finai da tafsirin azumi 70, Downloads 35, Windows da manhajojinta wajen 60. Takardun aikina da na maman yara, waɗanda dominsu aka sayi kwamfutar, ba su kai giga 2 ba. Ragowar tarkace ne nan da can.

Ɗana ya lura faifan giga 465 yake nunawa, ya ce ina sauran. Ba wanda ya cuce mu. Masu ƙera faifai bayit biliyan ɗaya cif suke kira giga, Windows kuwa 1,073,741,824 take ƙirgawa. Ko tera ɗaya ka saya, 931 za ka gani.

Lahadi, 7 ga Satumba

Yau sharar Windows kawai na taɓa, ban shiga kayan kowa ba.

Disk Cleanup na buɗe, na danna Clean up system files, domin in ba a danna nan ba manyan tarkacen ba sa fitowa. Ragowar tsoffin sabuntawa su ne suka fi nauyi, sai fayilolin Delivery Optimization, sai na wucin gadi, sai kwandon shara da aka daɗe ba a zubar ba. Wanda zai bi ta Settings ya yi wannan aikin ya buɗe ido: a jerin fayilolin wucin gadi har da Downloads ake sakawa. A gida irin namu, inda sakamakon jarrabawa da rasit da hoton katin ɗan ƙasa duk a can suke zube, wannan akwatin ba na taɓawa ba ne.

Foldar WinSxS tana da girman da ke sa hannu ƙaiƙayi, amma ba a goge komai a cikinta da hannu. Kayan gyaran Windows ne a ciki, kuma girman da take nunawa ya fi na gaskiya, saboda fayiloli da yawa a wurare biyu ake lissafa su. Hanyar da ta dace ita ce a buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa a rubuta:

Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup

Ta ɗauki lokaci mai tsawo, ta tsaya cak a wani kaso har na ɗauka ta maƙale, daga baya ta ƙarasa.

Na daɗe ina nazari a kan hiberfil.sys. Shi ne fayil ɗin da Windows ke juye duk abin da ke cikin RAM idan za ta yi dogon barci, kuma yakan ci kusan kashi 40 cikin ɗari na girman RAM ɗin, wato giga 3 da ɗan wani abu a wajenmu. Kowa shawararsa a kashe shi da powercfg /h off. Ni na bar shi. Batirin laftof ɗin nan ya tsufa, wuta kuma ba ta sallama idan za ta tafi. Idan batir ya kusa mutuwa, wannan fayil ɗin ne ke riƙe aikin da kake ciki har a dawo da wuta. Giga 3 ba su kai darajar jarrabawar aji guda da aka kwana ana bugawa ba. Shi ma pagefile.sys, fayil ɗin da Windows ke juye kaya a ciki idan RAM ta cika, na ƙyale shi. Manhajojin nan masu alƙawarin wanke rajista su sa kwamfuta gudu kuwa, ban ga abin da suke ƙarawa ba sai talla, don haka biyun da na tarar a ciki na cire su.

Jimillar abin da aka samu yau: giga 14. Sabuntawar da ta maƙale ta shiga.

Laraba, 10 ga Satumba

Aikin ya canja fuska.

Da daddare, gida ya yi tsit, na ji wata 'yar ƙara daga ɓangaren da faifan yake: ƙas, ƙas, sai shiru, sai kwamfutar ta daskare na ɗan lokaci ta dawo. Na sa CrystalDiskInfo, wadda ke karanta rahoton lafiyar da faifai ke rubuta wa kansa, wanda ake kira SMART. Lafiyayyen faifai shuɗi yake fitowa da kalmar Good. Namu ruwan ɗorawa ya fito, an rubuta Caution. Layuka biyu ne suka jawo haka. Layin 05 yana ƙirga guraben da suka lalace har faifan ya maye su da na ko-ta-kwana. Layin C5 kuma guraben da ya yi ƙoƙarin karantawa ya kasa, yana jiran ya ga ko za su farfaɗo. Na biyun ne ya fi tayar mini da hankali, domin akwai kayan wani a kan waɗannan guraben yanzu haka.

Cikin HDD kamar garmaho yake: faifai yana juyawa sau 5,400 a minti, wani ɗan hannu yana shawagi a samansa yana karatu, tazarar da ke tsakaninsu ko kusa ba ta kai kaurin gashi ba. Laftof ɗin da ake ɗauka daga falo zuwa ɗaki tana kunne, a dire ta kan katifa, yara su ja ta da wayar caja, ba mamaki ta kai haka.

Na dakatar da share-share. Faifan da ya fara wannan ciwon ba a sa shi aikin wahala: ba defrag (sake jera gutsattsarin fayiloli), ba chkdsk /r (binciken ruɓaɓɓun gurabe), ba binciken ƙwayar cuta na faifai gaba ɗaya. Kowanne daga cikinsu zai sa shi ya bi gurbi-gurbi, kuma mai yiwuwa ƙarfin da ya rage masa ke nan. Kwashe kaya ne farko. Na kashe ta, na ce wa yara an rufe kallo sai yadda hali ya yi.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na aro faifan waje na tera ɗaya a wurin Yaya. Kafin in jona shi na zauna da takarda da biro na raba kayan gida uku, saboda ban san ko faifan zai kai ƙarshen kwafin ba, dole abin da ya fi muhimmanci ya riga fita.

Kashi na farko abin da in ya ɓata ya ɓata har abada. Na biyu abin da za a iya sake saukewa ko a karɓa wurin wani, irin fina-finai da tafsirai da manhajoji. Na uku abin da ba wanda ya san ko na wane ne.

Da na zo cika kashi na farko, sai na ga ƙanƙantarsa. Hoton takardun filin gado. Takardun makarantar yara. Littafin bashi na maman yara a Excel, wanda sunan duk mai riƙe da kuɗinta yana ciki. Hotunan Hajiya a Makka da Madina. Sai wata folda a can ƙuryar kayan tsohuwar wayata, sunanta Recordings kawai, cikinta muryar Baba ce, Allah ya jiƙansa. Wata ranar Sallah bayan an ci abinci na ajiye waya kusa da shi, yana ba jikoki labarin yadda kakanninmu suka taso daga ƙauye suka shigo birni, da sunayen waɗanda suka zo tare, da wanda ya auri wa. Ana jin ƙarar kofuna, ana jin tarinsa, ana jin inda yake tsayawa ya gyara sunan da ya faɗa ba daidai ba. Duka ba su kai megabayit 300 ba, a cikin faifan da fina-finai suka cinye wa gomman giga. Babu kwafinsu a ko'ina a duniya.

Na kira Hajiya na ce, "Hajiya, kin san muryar Baba tana cikin kwamfutar nan? Hirar nan ta ranar Sallah."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya gafarta masa. Kai ɗan nan, kar ka bari ta salwanta. Ka sa mini ita a wayata in riƙa ji."

Ita na fara kwafewa, wuri uku: faifan Yaya, filash ɗina, da wayata.

Ragowar da robocopy na kwashe, ban ja da linzami ba. Kwafin da aka saba yi, da ya ci karo da fayil mai matsala sai ya tsaya yana jiran amsa, ko ka tashi da safe ka tarar bai yi rabi ba. Ga abin da na rubuta:

robocopy C:\Users E:\Ajiya /E /XJ /R:1 /W:1 /LOG:E:\rahoto.txt

A kula da /R:1 da /W:1. In ba a sa su ba, robocopy zai sake gwada fayil ɗin da ya ƙi har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Da su kuwa, sau ɗaya zai sake, ya rubuta sunan fayil ɗin a rahoto, ya wuce gaba. Na jingine laftof ɗin a kan tebur, na ɗaga bayanta don iska ta shiga, na hana kowa taɓa ta.

Da aka gama na karanta rahoton. Fayiloli ƙalilan ne suka ƙi, duk da saƙo iri ɗaya na cyclic redundancy check. Yawancinsu fina-finai ne, ban damu ba. Ɗaya kuwa bidiyon kamun ƙanwata ne.

Asabar, 13 ga Satumba

Ƙanina ya ji ina neman wurin ajiya, ya zo da murnarsa da wani filash na ƙarfe mai sheƙi da ya saya a intanet, an rubuta tera 2 a jikinsa, kuɗinsa bai kai na filash mai giga 64 na kirki ba.

"Yaya, ga shi nan, ka huta da sayen faifai. Duba ka gani, tera biyu yake nunawa."

Haka yake nunawa kuwa. Amma lambar da Windows ke nunawa, abin da ɗan guntun da ke sarrafa filash ɗin ya gaya mata ne, kuma ana iya shirya shi ya faɗi ƙarya. Na gwada shi da H2testw, wata tsohuwar manhajar Jamus da ke cika filash da bayanai sannan ta dawo ta karanta ta ga ko suna nan. Gwada tera 2 zai ci kwanaki, sai na ce ta gwada giga 100 na farko. Giga 29 da 'yan kai ne suka dawo lafiya, sauran duk sun ɓace.

Muguntar irin wannan filash ɗin ita ce ba ya nuna alama. Za ka zuba masa kaya ya karɓa, sunayen fayiloli su jeru da girmansu daidai, ka goge na asali da kwanciyar hankali. Sai ranar da ka zo buɗewa ka tarar fanko ne. Araha ba ta ado. Ƙanina ya ce har ya juye hotunan sunan 'yarsa a ciki, Allah ya sa bai goge na wayar ba tukuna. Duk filash ko memori da ya shigo gidan nan daga yau sai ya bi ta wannan gwajin.

Asabar, 20 ga Satumba

Kafin in je kasuwa na kwance murfin ƙasan laftof ɗin don in ga abin da za ta iya ɗauka. Faifai ne mai inci 2.5, kaurinsa milimita 7, mahaɗarsa SATA. Babu ramin M.2. Dubawar nan tana da amfani, saboda SSD, faifan da ba shi da abin juyawa a ciki wanda zan saya a madadin tsohon, iri-iri ne. Akwai mai siffar faifan laftof, akwai siriri mai kama da RAM wanda ake kira M.2, yawanci 2280, wato faɗi milimita 22, tsawo 80. Shi ma siririn gida biyu ne, SATA da NVMe, kuma ramin da aka yi wa ɗaya ba lallai ya yi aiki da ɗayan ba ko da ya shiga. Mutane da yawa suna sayen NVMe don sun ji ya fi gudu, su zo gida kwamfuta ta ƙi ganinsa.

SATA iyakar gudunsa wajen megabayit 550 ne a daƙiƙa, tsohon faifanmu kuwa da ƙyar yake wuce 100 lokacin da yake da lafiya. Amma inda bambancin ya fi fitowa shi ne wajen neman ƙananan fayiloli, domin SSD ba shi da hannun da zai yi tafiya ya je ya nemo su.

Tsakanin SSD na tera ɗaya, da na giga 500 haɗe da faifan waje na tera ɗaya, na zaɓi na biyu. Babban SSD zai ba mu wuri, amma kaya za su koma zama a waje ɗaya kamar da, kuma abin da ya tsorata ni ke nan makon jiya.

Mai shagon ya miƙo kwali ya ce, "Yallaɓai, sabo ne dal."

Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, zan gwada a gabanka."

Bai ƙi ba, har ya ba ni wayar jona SATA da USB. Na duba lambar jikin SSD ɗin ta yi daidai da ta kwali, CrystalDiskInfo ta nuna awannin aikinsa sifili, abin da aka taɓa rubutawa a kansa ma haka. Ana sayar da waɗanda aka ciro daga kwamfutocin tokunbo, kuma ba laifi ba ne in an faɗa maka an kuma rage kuɗi. Laifin shi ne a sa shi a sabon kwali. Samsung 870 EVO na ɗauka, da na zo gida manhajar Samsung Magician ta tabbatar na asali ne. Na sa ya rubuta mini lambar da sharaɗin canji a rasit.

Mai shagon kusa da shi yana cewa SSD yana ƙarewa da rubutu. Gaskiya ne yana da iyaka, amma a duba lissafin. Wannan an yi masa alƙawarin tera 300 na rubutu. In ana rubuta giga 20 kullum, shekara guda tera 7.3 ke nan, sai an haura shekara 40 kafin a kai. Laftof ɗin za ta riga shi.

Lahadi, 21 ga Satumba

Hanya biyu ce: a kwafe tsohon faifan kacokan zuwa sabon da irin su Clonezilla, ko a sa Windows sabuwa. Da faifan lafiyarsa ƙalau, kwafewa ta fi sauƙi, komai zai dawo inda yake. Amma kwafe faifai mai ruɓaɓɓun gurabe yana nufin a sa shi karatun awanni, kuma a kwaso fayilolin Windows da wataƙila sun riga sun taɓu. Sabuwa na sa.

Da datar dare na sauke ta da Media Creation Tool a kan filash mai giga 8, bayan na kwashe abin da ke cikinsa, domin tana goge komai. Na kuma ajiye direban Wi-Fi a gefe, da kalmomin sirrin da ke cikin burauza.

Na jira aka kawo wuta batir ya cika. Na zare caja, na cire batir, na danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci. Sukurorin ƙanana ne ƙwarai, kuma tsawonsu ba ɗaya ba, sai na jera su a kan farar takarda daidai yadda suke a jikin laftof ɗin. Faifan yana cikin wani ɗan keji na ƙarfe. A hankali ake zame shi baya ya fita daga mahaɗarsa, ba a ɗaga shi sama. Na mayar da kejin jikin SSD ɗin, wanda ba shi da nauyi ko kaɗan a hannu. Fankar ta toshe da ƙura har ta yi kamar auduga, na share ta da busasshen buroshi tun kafin hunturu ya ƙaro wata.

Maɓallin zaɓen inda za a tashi ya danganta da kamfani: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. Na zaɓi filash ɗin ta UEFI, sabuwar hanyar tayar da kwamfuta, don faifan ya zama GPT, tsarin raba faifai da ke tafiya da ita. Ban sa lambar lasisi ba, na zaɓi irin Windows ɗin da ke kai da ma, wato Pro, da ta hau intanet ta gane kwamfutar ta kunna kanta.

A da, in aka kunna ta sai a je a ɗora ruwan shayi kafin ta nutsu. Yanzu ba ta kai rabin minti.

Talata, 23 ga Satumba

Na duba TRIM, hanyar da Windows ke gaya wa SSD abin da aka goge don ya share shi, da fsutil behavior query DisableDeleteNotify, ta ba da 0, wato yana aiki. Ba a yi wa SSD defrag da hannu, Windows ta san abin da za ta yi masa a Optimize Drives. Sabon faifan wajen NTFS ne, na bar shi haka. Tsohon tsari na FAT32 ba ya karɓar fayil da ya haura giga 4, bidiyon bikinmu kuwa da yawa sun haura.

Asabar, 27 ga Satumba

Foldar wayoyi ita ce aikin da ya fi cin rai. Duk wanda ya zo juye waya, gaba ɗayanta ake juyewa, bayan wata shida ya dawo a sake juye ta a sabuwar folda. Hoto ɗaya sai ka same shi a Camera, a WhatsApp Images, a Sent, a Xender, sannan a wayar mutum uku daban.

Da dupeGuru na yi aikin, a kan kwafin da ke sabon faifan waje, na Yaya kuwa ban taɓa shi ba don ya zama madogara. Na fara da binciken abin da ke cikin fayil, wanda ke kama waɗanda suke iri ɗaya sak ko da sunansu ya bambanta. Wannan ba shi da haɗari, kuma shi kaɗai ya fitar da fiye da giga 40. Binciken hotuna masu kama da juna kuwa sai da ido. WhatsApp yana matse hoto kafin ya aika, don haka mai suna irin IMG-20190412-WA0003 kusan kullum ƙaramin kwafi ne, na asalin yana Camera da nauyinsa. Babban ake bari. Amma wani lokacin na WhatsApp ɗin ne kaɗai ya rage, saboda wayar da ta ɗauka ta daɗe da ɓata, shi ya sa ban yarda manhaja ta yanke hukunci ita kaɗai ba.

Kashi na uku, kayan da ba a san mai su ba, ban buɗe su ɗaya bayan ɗaya ba. Akwai hotunan matan mutane da saƙonninsu a ciki, amana ce aka bari. Na sanar a zauren dangi cewa duk wanda ya taɓa juye waya a nan ya zo da filash ya karɓi kayansa kafin ƙarshen shekara.

Bidiyon biki na matse su da HandBrake. Injin kwamfutar yana iya tsarin matse bidiyo na H.265, wanda ya fi rage girma, amma tsohon tsari na H.264 na zaɓa, domin shi ne ke buɗewa a tsohuwar talabijin da ƙananan wayoyin 'yan uwa, kuma don su kalla aka ɗauka. Giga 170 sun koma ƙasa da 40, a ido ban ga bambanci ba. Matsewa tana zubar da wani abu da ba ya dawowa, saboda haka na asalin suna faifan waje, matsattsun ne ke kan laftof.

Fina-finan ban mayar da su ba. Yara sun yi ƙorafi, na ce kowa ya zaɓi biyar.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na mayar wa Yaya faifansa, amma na roƙe shi ya bar kashi na farko da bidiyon biki a ciki. Ya ce, "Ai nawa ne ni ma, muryar Baba ce." Yanzu kayan suna kan laftof, suna faifan waje a durowata, suna kuma gidan Yaya a wata unguwa. Ɓarawo ko gobara ko ruwan sama ba sa tambayar wanne ne kwafi in duk a ɗaki ɗaya suke. Takardu da muryar Baba na ɗora su a Google Drive, tunda giga 15 na kyauta ya ishe su, ko da yake da Gmail da Photos ake raba shi. Bidiyo kuwa kuɗin datar ɗora su ya fi ƙarfina.

Sabon SSD bai sa na saki jiki ba. HDD yakan yi ƙara ya ba da alama kamar yadda namu ya yi. SSD sau da yawa lafiya lau za a kwanta da shi a tashi babu, kuma abin da aka goge a kansa TRIM yana share shi da wuri, mai ceto bayanai ba ya samun komai.

Wani mai gyara ya ce in kawo tsohon faifan ya saya. Ban bayar ba. Quick format jadawali kawai yake gogewa, hotuna suna nan, yaro mai manhajar kyauta zai dawo da su. Cikakken format ko clean all na diskpart su ne ke bin faifai da sifili, amma mai ruɓaɓɓun gurabe ba a da tabbacin an bi ko'ina. Hotunan iyali da katin shaida da takardun fili ba za su fita gidan nan a jikin faifan da ban iya gogewa ba. In na gama da shi, huda shi zan yi.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, wadda ke kan kwamfutarmu. Windows 11 tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a jerin injinan Intel da ta amince da su kusan duk daga ƙarni na takwas ne zuwa sama, tamu kuwa na shida ce. Na yi rajistar ESU, shirin ƙarin wa'adi na Windows 10, ta Windows Update da asusun Microsoft, wanda zai ci gaba da kawo gyaran tsaro har 13 ga Oktoba 2026. Sai kwamfuta tana kan 22H2, fitowar Windows 10 ta ƙarshe, ake samunsa. Kafin lokacin zan gwada Linux Mint daga filash in ga ko lissafin maman yara zai buɗe daidai a LibreOffice.

SSD ɗin yana nuna giga 465, an ci 150. Na kunna Storage Sense ya riƙa zubar da kwandon shara duk bayan kwana 30, na hana shi taɓa Downloads. Juye waya kuma yanzu kai tsaye faifan mai ita ake yi, ba ya sauka a C:. Ranar Juma'ar farko ta kowane wata zan jona faifan waje in sabunta kwafi.

Bidiyon kamu ne ya rage. Na sa tsohon faifan a ɗan akwatin USB, ranar Asabar zan tashi laftof ɗin da Linux in gwada ddrescue, wanda ke kwashe wuraren da ke karantuwa tukuna sannan ya dawo kan masu wuya. In an samu mafi yawan fayil ɗin, VLC yakan iya kunna shi ya tsallake inda ya lalace. Ƙanwata kuma tana neman lambar mai ɗaukar bidiyon ko ya ajiye nasa kwafin.